Gerald Durrell, Bafataken Namun Daji da Jan Birin Kurmi Ya Gagara

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau mun ɗauko wani Bature ɗan Ingila mai suna Gerald Durrell, wanda ya mutu tun cikin shekarar 1995. Dalilin da ya sa muka ga labarinsa ya dace da 'yan kasuwarmu na kan iyaka shi ne, mutumin da fatauci ya fara, kuma a nan Kamaru ya zuba jarinsa na farko, a yankin Mamfe, kan hanyar nan da yawancin masu karatunmu na kudu ke bi da kaya daga Bamenda zuwa Ekok su tsallaka Ikom. Hajarsa kuwa namun daji ce masu rai, yana saye a hannun maharba yana kai wa gidajen zu na Turai. Ya karye a wannan sana'a, daga baya ya juya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu kare dabbobin da ke gab da ƙarewa. Dabararsa ta ceci dabbobi da dama, amma akwai wani birin kurmi na Afirka ta Yamma da ya gagare shi, kuma a kansa ne za mu fi tsayawa.

An haife shi ranar 7 ga Janairun 1925 a garin Jamshedpur na ƙasar Indiya, lokacin tana hannun Turawan Ingila. Mahaifinsa injiniya ne, shi kuma shi ne auta a ɗakinsu. Yana da shekara 3 uban ya mutu, sai uwar, mai suna Louisa, ta kwashe 'ya'yanta ta koma Ingila. A 1935 suka sake yin ƙaura zuwa tsibirin Korfu na ƙasar Girka, inda rayuwa ta fi araha, suka zauna shekara 4.

Yaron bai yi wani zaman aji na kirki ba. Malamai ake ɗauko masa har gida, suna fama da shi a kan lissafi, hankalinsa kuwa yana wajen ƙwari da ƙadangaru da kunkuru. Wanda ya fi tasiri a kansa shi ne wani likita mai suna Theodore Stephanides, masanin ƙananan halittun ruwa, wanda ya koya masa duban dabba da natsuwa da rubuta abin da ya gani. Gidansu ya cika da tsince-tsincensa. Har akwai ranar da ya saka kunama da 'ya'yanta a cikin kwalin ashana ya ajiye ya manta, yayansa Lawrence, wanda daga baya ya zama shahararren marubuci, ya buɗe kwalin ana tsakiyar cin abinci zai kunna taba, gida ya hargitse.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da su Ingila a 1939. Likitoci suka ce lafiyarsa ba ta kai ta aikin soja ba, don haka ya yi aiki a kantin sayar da dabbobi a Landan, ya kuma yi a gona. A 1945 ya samu shiga gidan zu na Whipsnade a matsayin mai koyon kiwo, yana shara yana ɗaukar abinci. A can ne ya yi renon 'ya'yan wata dabba dangin barewa ta ƙasar Sin, wadda ta ƙare ƙaf a ƙasarta, ta rage sai 'yan ƙalilan da wani basaraken Ingila ya tara a gandunsa ya bar su suka hayayyafa. Wannan abu ya tsaya masa a rai, cewa ashe ana iya ajiye irin dabba a wani wuri har ranar da za a mayar da ita gida. An kuwa mayar da wannan barewa ƙasar Sin a 1985.

Da ya cika shekara 21 aka damƙa masa gadonsa, fam 3,000, kuɗi masu kauri a wancan zamani. Da su ya yi jari. A ƙarshen 1947 ya shiga jirgin ruwa tare da wani masanin tsuntsaye mai suna John Yealland, suka nufo Victoria, wato Limbe ta yau. A lokacin wannan ɓangare na Kamaru yana hannun Ingila, ana mulkinsa tare da Nijeriya, sai bayan ƙuri'ar 1961 ne kudancinsa ya haɗe da mu, arewacin kuma ya bi Nijeriya. Suka kafa zango a Bakebe, shi Durrell ya kutsa cikin kurmi har ƙauyen Eshobi da ke bayan Mamfe. Da Turancin buroka yake ciniki da maharba. Suna kawo masa tsuntsaye da macizai da kadoji da birai iri-iri, ciki har da 'ya'yan wani ƙaton biri mai baƙar fuska da guntuwar wutsiya da ake kira diril, wanda shi ma yau yana cikin masu fuskantar ƙarewa. A 1948 ya loda kejinsa a jirgi ya koma Ingila ya sayar.

A 1949 ya dawo, wannan karo ya hau har Bafut kusa da Bamenda, inda ya sauka a hannun Sarkin Bafut, Fon Achirimbi na Biyu. Sarkin ya ba shi masauki a jikin fada, ya kuma sa aka yi shela cewa duk mai dabbar daji ya kawo wa baƙo. Aka yi ta tururuwa da ƙorai da kwanduna da buhuna, kowa da abin da ya kamo. Abota ta ƙullu tsakanin mutanen biyu, kuma ita ce daga baya ta sa sunan Bafut ya shiga bakin masu karatu a ƙasashe da yawa.

To sai dai duk wanda ya taɓa fataucin shanu ko kaji ya san cewa haja mai rai kullum cikin cin riba take. Ko an yi ciniki ko ba a yi ba, sai ta ci ta sha. Dillalan namun daji na wancan lokaci sun san da haka, shi ya sa suke cusa dabbobi da yawa a ƙaramin keji, su sa a lissafi cewa wasu za su mutu a hanya, kuma su fi neman manya masu tsada irin su dorina da giwa. Durrell kuwa sai ya riƙa ƙera keji mai faɗi, yana sayen abinci mai kyau, yana kwana a kan mara lafiya, ga shi kuma da kwaɗayin tara ƙananan halittu waɗanda ba su da kasuwa, irin su kwaɗo mai gashi da ɓerayen itace. Bayan tafiyarsa ta uku, wadda ya yi zuwa Guyana a Kudancin Amurka a 1950, uwar kuɗi ta narke. Ga kuma saɓani da ya shiga tsakaninsa da shugaban gidan zu na Landan na lokacin, abin da ya sa ƙofofin aiki suka rufe masa.

Akwai wani abu da ya faru a tafiyar 1949 da ya kamata mai karatu ya riƙe. Ya samu wasu 'yan ƙananan ɓeraye masu fata kamar fiffike, waɗanda ke shawagi daga itace zuwa itace, ga su da wuyar samu. Kamun bai ba shi wahala kamar ciyarwa ba. Suka ƙi yawancin abin da aka ba su, suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, bai isa Ingila da ko guda ba.

Ba za mu wanke shi tas ba. A waɗannan shekaru shi ma yana cikin masu kwasar dukiyar kurmi su kai Turai, kuma maharban da suka san inda kowace dabba ke kwana sulalla kaɗan suka samu, shi kuwa ya samu suna. A littattafansa na farko yakan mayar da mutanen ƙasa abin dariya, har shi Sarkin Bafut an fi nuna shi wajen shaye-shaye da raye-raye fiye da wajen mulki. Wanda ya karanta su yau zai ji ƙamshin zamanin mulkin mallaka. Abin da za a yaba masa shi ne bai tsaya a nan ba.

A 1951 ya auri Jacquie Wolfenden, ba aiki ba jari, suna zaune a ɗaki guda a gidan yayarsa Margo a garin Bournemouth. Matar ce ta matsa masa ya rubuta labarin tafiye-tafiyensa, tun da ya iya ba da labari. Littafinsa na farko, kan tafiyar Mamfe, ya fito a 1953 ya samu kasuwa, na Bafut ya biyo baya a 1954, sannan a 1956 ya fitar da na ƙuruciyarsa a Korfu, wanda ya fi duka karɓuwa, har yau ana buga shi. Shi rubutu bai dame shi ba, hanyar kuɗi ya ɗauke shi. A 1957 ya dawo Kamaru karo na uku, ya sake sauka a Bafut, amma yanzu ba don sayarwa yake tara dabbobi ba, don kansa ne. Ya koma da su ba shi da wurin ajiyewa, suka zauna a bayan gidan Margo maƙwabta suna ƙorafi, hukumomin gari kuma suka hana shi fili. Daga ƙarshe ya samu hayar wani tsohon gida mai faɗin fili a Jersey, wani ɗan tsibiri da ke tsakanin Ingila da Faransa. Ya ci bashi mai nauyi, ya buɗe gidan zu nasa ranar 26 ga Maris 1959.

Manufarsa ta bambanta da ta sauran. Gidajen zu na lokacin wurin kallo ne, dabba ta mutu a aika a kamo wata. Shi kuwa yana son wurin ya zama rumbun iri: a tara dabbobin da suka kusa ƙarewa, a koyi abincinsu da halinsu, a rubuta komai, su hayayyafa, in hali ya yi a mayar da 'ya'yansu daji. Manyan masana da yawa sun yi masa kallon mai mafarki wanda ko digiri ba shi da shi. A 1963 ya miƙa gidan ga wata gidauniya da ya kafa, ya zaɓi tsuntsun dodo ya zama tambarinta. Dodo ɗin nan ba na tatsuniya ba ne, wani tsuntsu ne mara tashi na tsibirin Moris da ke Tekun Indiya, wanda ya ƙare a duniya tun kafin shekarar 1700.

A 1965 ya tafi Saliyo tare da ma'aikatan talabijin na BBC, babban abin da ya je nema kuwa shi ne biran da ake kira kolobus. Iri biyu ya samu a kurmin can. Akwai baƙi mai farar wutsiya da farin gashi a kafaɗa, akwai kuma mai baƙin baya da jan ciki da jajayen hannuwa. Wannan na biyu shi muke kira jan birin kurmi, kuma kada mai karatu ya haɗa shi da jan birin da muka sani a arewa, mai gudu a ƙasa yana ɓarnar gero da gyaɗa. Na kurmi a ƙololuwar itatuwa yake rayuwa, da wuya ya sauko, kuma ba ɓarnar gona ce sana'arsa ba.

Mutanen ƙauyukan Saliyo sun ƙware wajen kora birai, domin tun zamanin Turawa gwamnati ke biyan lada a kan kashe su saboda gonakin koko, an kuwa kashe dubbai masu yawa, mai laifi da mara laifi. Da irin wannan kora aka kama wa Durrell nasa. Akan tattara garken a kan itace guda, a sare na kewaye don kada su samu wurin tsallakawa, a kafa raga a ƙasa. Baƙaƙen sun ba da wahala, amma a hankali suka karɓi abinci, aka kai su Jersey da rai. Jajayen kuwa suka zauna a keji suka sunkuyar da kai. An kawo ganye iri-iri, an kawo 'ya'yan itace, an canza dabara, ba su kula ba. Da ya ga in aka ci gaba a haka gawarwaki za a kwasa, sai ya sa aka buɗe kejin aka mayar da su kurmi. Mutumin da ya gina rayuwarsa a kan cewa ana iya ceton dabba ta hanyar kiwo ya koma gida ba tare da ita ba.

Abin da ya sa haka yana cikin tumbin birin. Yawancin biran da muka sani cin komai suke yi, ayaba, masara, ƙwari, har tuwo in sun samu. Jan birin kurmi kuwa ɗanyen ganye mai taushi yake ci, da toho da furanni da 'ya'yan itacen da ba su nuna ba. Cikinsa ɗaki-ɗaki ne, kusan irin na saniya, cike da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ke narka ganye su kuma rage dafin da ke cikinsa. Abu mai zaƙi irin nunanniyar ayaba yana iya kumbura masa ciki, kamar yadda akuya ke yi in ta afka wa buhun hatsi. Bugu da ƙari ba itace ɗaya yake ci ba, yana zagaya itatuwa iri daban-daban, ya ɗan ci nan ya ɗan ci can gwargwadon wanda ya yi sabon ganye a wannan wata. Wane mai kiwo ne zai iya kawo wannan a kwando kowace safiya? Ga shi kuma da saurin karaya in an raba shi da 'yan uwansa. Shekara 60 ke nan bayan tafiyar Saliyo, har yanzu babu gidan zu a duniya da ke da garken jan birin kurmi mai hayayyafa.

Babban yatsan hannunsa ɗan dunƙule ne kawai, sauran huɗun dogaye kamar ƙugiya, da su yake cafke reshe in ya yi tsalle. Daga nan sunan kolobus ya samo asali, domin a harshen Girka yana nufin mai guntulallen gaɓa. Suna zama garke-garke, sau da yawa daga 20 har sama da 50, ga surutu. Macen takan haifi ɗa guda, kuma sai kamar bayan shekara biyu ta sake. Abokan gabarsu na asali su ne damisa da wata babbar gaggafa ta kurmi da kuma cimpanzi, wanda ke haɗa gwiwa ya yi farautarsu kamar yadda masu bincike suka gani a dajin Tai na Kwaddibuwa da Gombe ta Tanzaniya. A dajin Tai jajayen kan raɓi wani biri mai kaifin ido da ake kira dayana, su riƙa yawo tare, shi ya zama mai gadi, da ya hango haɗari ya yi kururuwa.

Duk wannan dabara ba ta aiki a gaban bindiga. Biri ne mai jiki, ga yawa a wuri guda, ga hayaniya da ke nuna inda yake, kuma bayan ya ƙoshi yakan zauna shiru a reshe yana jiran ciki ya narka. In ya ga mutum, maimakon ya ɓace, sau da yawa tsayawa yake yana leƙe. Maharbi ɗaya na iya zubar da da yawa a yini guda. Shi ya sa masana suka lura cewa a duk kurmin da aka buɗe da hanyar motocin katako, jan biri ne ke fara ɓacewa tun sauran birai suna nan. Mu dai ba cin biri muke yi ba, wannan gaskiya ne. Amma harsashi da tocila da batir da wayar tarko a kasuwa ake sayensu, kuma bandar naman da ke fitowa daga kurmi a mota take tafiya, wani lokaci a ƙarƙashin buhunan wani da bai tambayi abin da aka ɗora masa ba. Ban da kamun 'yan duwan da ma'aikatan gandun daji, akwai batun lafiya. A 1994 wata cuta dangin Ebola ta kashe cimpanzi a dajin Tai, bincike ya nuna waɗanda suka fi cin naman jan biri sun fi kamuwa, har wata mai bincike da ta feɗe gawar ɗaya ta kwanta, sai dai ta warke.

Kada a ɗauka dabarar Durrell ta tashi a banza. A 1972 ya tara masana a Jersey a taron duniya na farko kan kiwon dabbobin da ke gab da ƙarewa, kuma akwai birin da wannan hanya ta yi wa rana. A kurmin gaɓar tekun Barazil, kusa da birnin Rio, akwai wani ɗan biri da bai kai kilo ɗaya ba, mai gashi ruwan zinariya da geza kamar ta zaki, ana kiransa tamarin. An sare kurminsa don katako da rake da kiwon shanu, ana kuma kama shi ana sayarwa, har a shekarun 1970 aka ƙiyasta saura kamar 200 a daji. Wani masani ɗan ƙasar, Adelmar Coimbra-Filho, shi ya fara yin kururuwa, aka keɓe masa gandun Poço das Antas a 1974. A gidajen zu kuma da farko mutuwa suke yi fiye da haihuwa, sai da aka gane cewa zaman iyali suke yi, miji da mata da 'ya'ya, uwa takan haifi tagwaye, uba da yayye su taya ta goyo, kuma suna bukatar ƙwari a abincinsu ba 'ya'yan itace kaɗai ba. Gidan zu na Washinton ne ya ja ragamar aikin a ƙarƙashin Devra Kleiman, Jersey na cikin waɗanda suka yi kiwo suka ba da nasu.

Daga 1984 zuwa 2000 an mayar da 146 da aka haifa a keji zuwa Barazil. Na farkon sun sha wuya, ba su san neman abinci ba, ba su saba da reshe mai lilo ba, da yawa suka mutu. Sai aka koma sakin su a cikin itatuwan gidajen zu su koyi hawa kafin tafiya, a can kuma a ci gaba da ba su abinci har 'ya'yan da suka haifa a daji su tsaya da ƙafarsu. Aka shawo kan masu gonaki suka bar guntayen kurmin da ke filayensu, aka dasa itatuwa don haɗa wannan da wancan. Ƙidayar 2014 ta samu kimanin 3,700, cutar shawara ta rage su zuwa kamar 2,500, aka yi musu allurar rigakafi, ƙidayar 2023 ta nuna kimanin 4,800. Hoton birin yana jikin takardar kuɗin Barazil ta 20. Abin lura a nan shi ne, ko wannan da ya yarda da keji, sai da aka tanadar masa kurmin da zai koma.

Shi ma Durrell a rabin rayuwarsa na biyu ya ƙara karkata ga aiki a ƙasashen dabbobin. A tsibirin Moris gidauniyarsa ta sa hannu wajen ceto wani ɗan shaho da ya rage guda 4 kacal a daji a 1974, ya koma ɗaruruwa. Ya buɗe makaranta a jikin gidan zu ɗin, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1984, inda ma'aikatan daji daga Afirka da Asiya da Kudancin Amurka ke zuwa koyon aiki su koma gida. A ganinmu wannan makaranta ta fi kejin duka amfani, domin mai tsaron daji ɗan ƙasa shi ne abin da irin su jan biri suke bukata.

Rayuwarsa ta gida ba ta yi daidai da nasarar aikinsa ba. Bashi da yawan aiki sun taɓa kwantar da shi, kuma ya kasance mai yawan shan giya. Aurensa da Jacquie ya mutu, a 1979 ya auri Lee McGeorge, wata Ba'amurkiya masaniyar dabbobi, wadda ta ci gaba da aikin bayansa. Tafiyarsa ta ƙarshe ta neman dabbobi ita ce ta Madagaska a 1990. Hantarsa ta lalace, aka yi masa dashen wata a 1994, bai ƙara samun lafiya ba. Ya mutu ranar 30 ga Janairun 1995 yana da shekara 70. A 1999 aka sa wa gidauniyar sunansa.

Shekara 5 bayan mutuwarsa aka ji labarin da ya tabbatar da abin da ya gani a Saliyo. A kurmin yammacin Gana da gabashin Kwaddibuwa akwai wani irin jan biri na daban. Wannan kurmi ba baƙo ba ne gare mu, daga irinsa ne goron da fatakenmu suka yi ta ɗauka a Salaga zuwa ƙasar Hausa yake fitowa. A 1933 wani mai tara wa gidan tarihi na Landan fatun dabbobi, Willoughby Lowe, ya harbo wasu kusa da Goaso, aka sa wa birin sunan wata Baturiya da ke cikin ayarinsa, Miss Waldron. Koko da katako da bindiga suka bi ta kan wannan kurmi. Rabon da masana su ga birin da idonsu tun 1978. Daga 1993 zuwa 1999 John Oates da abokan aikinsa suka bi gandu-gandu suna nema ba su same shi ba, a shekarar 2000 suka ba da sanarwar cewa mai yiwuwa ya ƙare. Bayan haka wani daga cikinsu, Scott McGraw, ya samu fata da wutsiya a hannun maharba a wajen fadamar Tanoé da ke kan iyakar ƙasashen biyu, abin da ya sa aka ci gaba da nema har da kafa kyamarori a kan itatuwa. Babu wanda ya taɓa ɗaukar hotonsa da rai.

Dangin jan birin kurmi sun bazu daga Sanagal har tsibirin Zanzibar, kusan iri 17, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ce su ne biran da suka fi shiga haɗari a Afirka, shi ya sa a 2021 aka fitar da shiri na musamman domin su. Wanda ya ƙi abincin Durrell yana nan a dajin Gola da tsibirin Tiwai na Saliyo da kuma dajin Tai. Wani irin yana fadamun Neja Delta a Nijeriya, masana ba su ma san da shi ba sai a 1993.

Namu na Kamaru ana kiransa da sunan Paul Preuss, Bajamushen da ya shugabanci lambun itatuwa na Victoria a zamanin Jamus. A da yana yawo daga Kogin Kuros har Kogin Sanaga. Yanzu mafi yawan abin da ya rage yana gandun Korup, wanda aka kafa a 1986 kudu da Mamfe, da kuma dajin Oban da ke manne da shi a ɓangaren Nijeriya, kuma yana cikin jerin waɗanda suka fi kusa da ƙarewa. Ko kafin rikici masu ƙidaya sun ga yana raguwa saboda farauta. Da faɗa ya ɓarke a yankin masu magana da Turancin Ingilishi a 2017, sintirin masu gadin Korup ya yi rauni ƙwarai, masu bincike kuma suka janye daga dajin na tsawon shekaru.